Damina Ta Zo: Mota Mai Ƙarfi Tana Son Ƙafa Mai Sauƙi

Kowace shekara idan ruwan farko ya sauka a Bauchi, wajajen watan Mayu, manoma sukan yi murna, masu gyaran jikin mota su ma su yi tasu. Dalili kuwa shi ne ƙurar da ta kwanta a kan kwalta tun kaka, da baƙin man da motoci suka yi wata da watanni suna ɗigarwa, da zarar yayyafi ya taɓa su sai su haɗu su yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Kafin ruwa mai ƙarfi ya zo ya wanke hanya, kowace mota tana cikin hatsari. Amma akwai waɗansu motoci da hatsarinsu ya fi na saura, kuma a kansu nake so in ja hankalin masu karatu.

Su ne manyan motocin nan masu ruri da samarinmu suke sayowa na hannu daga Amurka, irin su Dodge Charger da Ford Mustang da Chevrolet Camaro, sa'an nan a haɗa da waɗansu Mercedes da BMW na Jamus. Irin waɗannan motoci na Amurka sun yi tashe ne tun daga 1964, shekarar da aka fito da Pontiac GTO da Mustang ta farko. Dabarar masu ƙera su ita ce a ɗauki ƙaton inji mai silinda takwas a ɗora a gaban mota, a aika da ƙarfinsa duka zuwa tayoyin baya. A kan miƙaƙƙiyar hanya busasshiya ba su da sa'a. A kan santsi kuwa labari ya sha bamban.

Wanda ya taɓa lura da mai ga-ruwa yana tura kurarsa zai gane abin da nake nufi. Abin da ake ja daga gaba yana bin mai jansa, amma abin da ake turawa daga baya, in aka matsa masa fiye da kima, sai ya nemi karkacewa. Haka mota mai tura kanta da tayoyin baya take. Nauyin inji yana gaba, baya ba nauyi sosai, alhali kuwa tayoyin bayan ne aka ɗora wa aikin. Idan direba ya taka totur da ƙarfi a kan santsi, musamman a kwana, sai tayoyin su yi ta juyawa ba su kama ƙasa ba, gindin motar ya fita gefe yana neman ya wuce gabanta. In ya firgita ya danna birki, to, ya ƙarasa ta.

Mutanen da suka ƙera waɗannan motoci sun san halinsu, domin birnin Ditroyit, cibiyar ƙera motocin Amurka, wuri ne da dusar ƙanƙara take rufe hanya kowane hunturu. Da yawa daga masu irin motocin a can sukan kulle su a gareji sai sanyi ya wuce. Waɗanda ba su da wata motar kuwa sukan sa buhunan yashi a but don baya ya yi nauyi, su canja tayoyi zuwa na sanyi, su tashi da giya ta biyu a hankali. Dokokin hanya na Ingila ma sun nuna cewa nisan da mota take bukata kafin ta tsaya yakan ninka biyu a kan jiƙaƙƙiyar hanya, a kan ƙanƙara kuwa yana iya ninkawa goma. Mu ba mu da ƙanƙara a hanya, amma muna da laka da taɓo da jar ƙasar da ruwan Agusta ya jiƙa, kuma taya ba ta tambayar sunan abin da ya hana ta kama ƙasa.

Abin mamaki shi ne mu ba baƙin wannan ilmi ba ne. Peugeot 404 da 504, waɗanda muke kira Fijo, da tayoyin baya suke tura kansu. Tun 1975 aka fara harhaɗa su a Kaduna, kuma a wannan shekarar ce 504 ta ci babbar tseren motoci ta Safari a ƙasar Kenya. Sa'ad da aka kafa Jihar Bauchi a 1976, Fijo ce motar ma'aikaci, ita ce ta haya, ita ce a-kori-kurar da take kai kaya kasuwannin ƙauye. Da ita direbobinmu suka yi ta hawa da gangara tsakanin Bauchi da Jos, ta Nabordo da Magama Gumau da Tilden Fulani, da ita kuma suka shiga hanyoyin ƙauyukan Dass da Ningi waɗanda ba su san kwalta ba.

Baffana yana cikin waɗannan direbobi, kuma a hannunsa na koyi tuƙi, cikin tsohuwar 504 da ya ƙi rabuwa da ita. Bai yarda ya ce na iya ba sai da damina ta yi tsakiya. Ranar nan bayan an ɗauke ruwa ya kai ni wani fili mai jar ƙasa a bayan gari, inda ba mutum ba dabba, ya ce in yi kwana in ƙara wuta kaɗan. Da gindin motar ya fara zamewa sai ya ce, "To, ɗan nan, ka ji ta? Sassauta ƙafarka a hankali, kada ka ɗauke ta gaba ɗaya. Inda gindinta ya nufa, nan za ka mai da sitiyari. Idonka kuma ya tsaya inda kake son zuwa, ka bar kallon abin da kake tsoro."

Na ce, "Baffa, birki fa?"

Ya ce, "Birki na mai tafiya sosai ne. Tun kafin ka isa kwana ake gama shawara da shi."

Mun yi wannan ya fi sau ashirin kafin magariba. A hanyar komawa ya nuna mini dalilin da ya sa ba ya raba but ɗinsa da buhun hatsi ko biyu in zai shiga ƙauye da damina, watau dabarar nan ta mutanen Ditroyit, wadda shi bai taɓa jin labarinsu ba.

To, wannan sani ya fara ɓacewa. Da Fijo ta ja baya, sai Golf da Vectra da Corolla da Honda suka cika tashoshinmu da gidajenmu, su kuwa da tayoyin gaba suke jan kansu, suna yafe wa direba kurakurai da yawa. Yaron da ya koyi tuƙi a cikinsu, rana ɗaya sai a miƙa masa makullin motar da ba ta yafiya. Injin 504 irin na Baffa bai kai ƙarfin doki 100 ba, amma Charger mai silinda takwas ta haura 350. Gaskiya ne motocin zamani suna da na'urar da take rage wuta da kanta in taya ta fara zamewa, har Amurka ta wajabta na'urar hana zamewa a sababbin motoci tun daga ƙirar 2012. Sai dai ita ce abu na farko da masu wasan mota a wajen biki suke kashewa, don motar ta yi juyi ta ta da hayaƙi a yi musu tafi. Da idona na ga irin wannan mota ta juya sau biyu a wani shataletale cikin yayyafi, ta je ta maka wa Keke Napep mai ɗauke da mata da yara. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma mai keken ya rasa abin neman abincinsa.

Daɗin daɗawa ga maganar taya. Yawancinmu na gwanjo muke saye, kuma a cikinsu akwai na ƙasashen sanyi, masu hoton dutse da ƙwayar dusar ƙanƙara a gefensu. Robarsu mai taushi ce, don sanyi aka yi ta, zafin Maris da Afrilu kuwa yakan cinye ta da wuri, damina ta same ta a suɗe. Lambobi huɗu da suke gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, ya kamata mai saye ya duba. A Turai doka ba ta yarda zurfin zanen taya ya gaza milimita 1.6 ba, domin ta cikin zanen ne ruwa yake samun hanyar fita.

Saboda haka ina kira ga iyaye masu hali, wanda zai saya wa ɗansa irin wannan mota ya fara nema masa malami tukuna. Tsofaffin direbobin Fijo suna nan da ransu a tashoshinmu, suna zaune a kan benci ba mai tambayarsu kome. Makarantun koyon tuƙi su jawo su, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ita ma ta sa wannan darasi cikin wa'azin da take yi wa direbobi kafin damina. Ku kuma samari, titin Wunti da na Yelwa hanyar jama'a ce, akwai ɗan makaranta a kai, akwai mai talla. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.