Abin Da Na Gani A Garbadu

Zuwa ga Edita,



Aiki ya kai ni Garbadu, ƙasar Talata Mafara, ba nisa da Bakura da Maradun. Ƙasa ce ta manoma, ga ruwan Bakolori kusa. Amma hankalina ya fi komawa kan 'yan mata masu tafiya makaranta da safe.

Cuɗanyarmu da ƙasashen waje kan ilmi ta daɗe. A 1945 aka aika Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Yahaya Gusau London koyon aikin malanta, suka komo. Daga 2012 zuwa 2022 kuwa Gwamnatin Ingila ta ba da kuɗi, UNICEF ta riƙe aikin ilmin 'ya'ya mata a Zamfara da waɗansu jihohi. Abin da na fi yabawa, akan ɗauki 'yar ƙauye a biya mata karatun malanta, bisa sharaɗin ta komo garinsu ta koyar. Uba ya fi sakin jiki da malamar da ya san gidansu.

To, an sace 'yan mata 279 a Jangebe a 2021, aikin nan kuma ya ƙare. Baƙo ya yi nasa ya tafi. Tsaron makaranta da albashin malaman nan mata, wa zai ɗauka? Muna sauraron amsar mahukunta a Gusau.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Talata Mafara.