Hukuncin Abuja, Raɗaɗin Jibiya

Bayan da sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka, ta kuma katse wutar lantarkin da take bai wa maƙwabciyarta. A Abuja aka yanke hukuncin, amma Jibiya da Illela da Maigatari ne suka ji a jikinsu. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a bakin iyaka, albasa tana ruɓewa, 'yan dako da masu masauki suka wayi gari ba ciniki.

Can arewa kuwa, Agadas, wadda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, dama rashin tsaro ya rage mata baƙi. Tsamin dangantaka da Faransa ya ƙara nesanta Turawan da maƙeran azurfa da 'yan jagorar Sahara suke dogaro da su.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar a Maris. Sai dai fatauci da amana yake tafiya. Bafataken Maraɗi da ya saba bai wa abokinsa na Katsina kaya bashi ya ga yadda hanya kan toshe dare ɗaya, dole ya yi taka-tsantsan kafin ya sake bayarwa.