Kuɗin Goron Da Muke Yi Wa Maƙwabta

Mu da muka tashi a Zango mun saba da ƙararrawar coci ranar Lahadi, amma mun daɗe muna yi wa maƙwabtanmu Kirista kuɗin goro. Alhali akwai saɓani a tsakaninsu, tushensa kuwa yadda kowa ke karanta Littafi Mai Tsarki.

Masu sassaucin ra'ayi suna auna nassi da tarihi da kimiyya, har su ɗauki wasu labarai a matsayin misali. Matsakaita suna riƙe ginshiƙan imani, suna barin ƙofar fassara a buɗe. 'Yan mazan jiya suna tsare koyarwar da suka gada. Masu tsattsauran ra'ayi kuwa suna ɗaukar nassi harafi da harafi, suna ƙaurace wa cocin da ya sassauta. A 1925, ƙarfinsu ya kai ga cin wani malami tarar dala 100 a jihar Tennessee ta Amurka, saboda ya koyar da nazariyyar Darwin.

Mukan ji zafi idan aka shafa mana laifin wani don alƙiblarmu ɗaya. To, kafin mu yanke wa maƙwabci hukunci, mu fara jin ta bakinsa.