Ciwon 'Yan Tanis A Hannun Manoma

Kwanakin baya wani ɗanmu da ya karanta aikin gashin ƙashi a Wad Madani ya zo ganin gida, ya tarar da kawunsa ya kasa ɗaga butar alwala da hannun dama. Ya danna ɗan ƙashin nan na gefen gwiwar hannu ta waje, tsoho ya yi ƙara. Sai yaron ya ce, "Kawu, ai ciwon 'yan tanis ne ya kama ka." Duk zauren muka fashe da dariya. Mutumin da bai taɓa ganin filin tanis ba sai a talabijin!

Da dariya ta lafa, ya yi mana bayani, mu kuwa muka yi tsit. Ashe jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu a wannan ƙashin take manne. In an yi ta maimaita bugu iri ɗaya, sai ta riƙa tsattsagewa kaɗan-kaɗan har ta gaza. Likitocin Ingila ne suka laƙaba mata sunan wasan tun wajen 1882, amma yawancin masu ciwon ba 'yan wasa ba ne. Kafintoci ne, da mahauta, da irinmu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne zancen fili. Ya ce a Wimbildon ta Ingila kan ciyawa ake wasa, ƙwallo na zuwa da sauri a ƙasa-ƙasa. A Faris kan garin jan bulo ne, ƙwallo na rage gudu ya yi sama, sai a daɗe ana musayar bugu, hannu ya gaji. A Amurka da Ostareliya daɓe ne mai tauri. Kowane fili da irin wahalar da yake ɗora wa hannu. Ko Novak Djokovic, gwanin gwanaye, ciwon gwiwar hannu ya sa ya janye daga gasar Wimbildon a 2017, aka yi masa aiki a 2018.

To, wannan karatu ai mun daɗe da haddace shi, suna ne kawai ba mu sani ba. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 ruwa ya shiga gonakin Jazira, hannuwan iyayenmu ne ke kokawa da baƙar lakar nan. Wanda ya noma jigawa a ƙasar Hausa ya zo nan, ya san bambanci tun saran farko. Cikin rairayi fartanya nutsewa take. Lakar hawasha kuwa, in ta bushe ta dare, sara ɗaya za ka ji ƙarfen ya yi tsalle, girgizar ta bi ƙota ta tsaya maka a gwiwar hannu. In kuma ta sha ruwa da yawa, sai ta kama bakin fartanya kamar danƙo, kowane ɗagawa da nauyin taɓo. Sauƙin yana tsakani, kwana kaɗan bayan ban-ruwa. Masu noman bakin kogi a Mai Wurno, inda ƙasa ke da laushi, ba mu cika jin suna wannan kuka ba. Ga kuma tugen karan auduga bayan tsinka, wanda shi kaɗai ya isa.

Ɗan tanis in hannu ya motsa sai ya huta wata shida, da likita a gefensa. Mu da muke aikin yini, in hannu ya tsaya tukunya ta tsaya. Shi ya sa muke rugawa wurin wanzami a yi ƙaho, ko mu nemi allurar nan ta cikin gaɓa. Yaron ya ja mana kunne a kanta: tana kashe zafi na 'yan makonni, amma bayan shekara waɗanda ba su yi ta ba sun fi samun sauƙi. Ya ce ciwon yakan warke da kansa, sai dai yana iya kai shekara ko biyu. A wasa bakin fartanya, a naɗe ƙota da tsumma in ta yi siriri, a daina damƙe ta kamar za a gudu da ita, a ɗaga kaya tafin hannu na kallon sama.

Kawu dai ya yarda da naɗin tsumma, ya kuma jira ruwa ya ratsa hawasha kafin ya shiga. Zancen hutu ne ya ce a bari sai an kai dawa rumbu. Har yanzu da hagu yake ɗaukar buta, yaran unguwa kuwa sun sa masa suna Ɗan Wimbildon.