Tirinidad Da Tobago: Ƙasar Da Rake Ya Tara, Man Fetur Ya Riƙe

'Yar uwa, da za a nuna miki hoton garin Chaguanas a daren bikin Diwali, ga mata sanye da sari, ga 'yan fitilu ko ta ina, wallahi sai ki rantse fim ɗin Indiya ne. To ba Indiya ba ce, tsibirin Tirinidad ne a can tekun Karibiyan, kilomita 11 kacal daga gaɓar Benezuwela. Shi da ƙanensa Tobago ƙasa ɗaya ce, mutanenta kusan miliyan ɗaya da rabi.

Me ya kai Indiyawa can? Rake ne. Kolombos ya iso tsibirin a 1498, Ingila ta ƙwace shi daga hannun Sifaniya a 1797, aka yi ta jigilar bayi daga Afirka suna noman rake. A cikinsu har da Musulmi masu ilmi. Akwai wani malami Bamandinge, Jonas Mohammed Bath, wanda ya haɗa ƙungiya a birnin Port of Spain, suna tara kuɗin guminsu suna fansar 'yan uwansu ɗaya bayan ɗaya. Sun rubuta wa Sarkin Ingila takarda a mai da su gida, amma shi malamin a can ƙasa ta rufe masa ido. Allah Sarki!

Da aka 'yanta bayi gaba ɗaya a 1838, da yawansu suka bar gonakin, to wa zai zauna inda ya sha bulala? Sai Turawa suka juya Indiya. Jirgin farko, Fatel Razack, ya sauke leburori a 1845, aka ci gaba da kwaso su da yarjejeniyar shekara biyar-biyar har 1917. Mafi yawansu ba su koma ba. Shi ya sa yau Diwali da ƙaramar Sallah duk ranakun hutu ne a ƙasar.

Sai kuma arziki ya ɓullo ta ƙarƙashin ƙasa. A La Brea akwai tafki guda na kwalta zalla, mutum na takawa a kansa. An fara haƙo mai na sayarwa a 1908, bayan samun 'yancin kai a 1962 kuma gas ya kawo masana'antun taki a Point Lisas. Kuɗi suka shigo, amma ni a ganina an yi sakaci da gona. A 2003 gwamnati ta rufe kamfanin sukari na Caroni, dubban jikokin leburorin nan suka rasa aiki. Shi ma man bai riƙe amana ba, don a 2018 aka rufe matatar Pointe-à-Pierre saboda bashi.

Tobago dai tana lallaɓawa da kamun kifi da 'yan yawon buɗe ido. Ita kuwa Kamla Persad-Bissessar, jikar waɗancan Indiyawa daga garin Siparia, ita ce mace ta farko da ta zama Firayim Minista a 2010, ta kuma sake dawowa kan kujerar a 2025.