Tukwanen Ƙarfe na Titiru da Shekarunsu

Titiru unguwa ce daga cikin unguwannin Paraku, birnin da hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 438 ta iso daga Kwatano a shekarar 1936. Da wuya a yi biki ko suna a unguwar ba a jera manyan tukwane a ƙofar gida ba. Mafi yawansu farare ne, na dalma. Amma a cikinsu akan ga baƙa guda ɗaya, mai ƙafa uku da kunnuwa biyu, wadda sai mutum biyu suke iya ɗaga ta. Ita muka bi gida gida muna tambayar asalinta, domin irinta tana ƙarewa: masu sayen tsohon ƙarfe suna auna ta a kan sikeli, su biya kuɗin nauyinta kurum.

Abu na farko da ya kamata mai gida ya tantance shi ne ko tukunyar ta ƙarfe ce ko ta dalma, domin hayaƙin murhu yakan mai da su duka baƙaƙe. A kawo maganaɗisu: idan ya manne, ƙarfe ne. Wannan gwaji kaɗai yana ba da labari mai yawa. Dalmar tukunya, wato alminiyam, tana narkewa a zafin digiri 660, wanda gawayi da zugazugi suke iya kaiwa, shi ya sa zubinta ya bazu a kasuwannin Afirka ta Yamma bayan yaƙin duniya na biyu. Ƙarfen zubi kuwa sai zafi ya kai wajen digiri 1200. Saboda haka tsohuwar baƙar tukunya baƙuwa ce, ta teku ta zo, ta hannun kamfanonin ciniki irin su CFAO na Faransa, wanda aka kafa a 1887.

Sai a kife ta, a goge gindinta da toka. Zuba tukunya mai tumbi a cikin yashi fasaha ce da Abraham Darby ya karɓi takardar mallakarta a Ingila a 1707, kuma hanyar tana barin shaida a jiki. Akwai siririn layi inda ɓangarorin mazubi suka haɗu. Akwai kuma tabo dogo a gindi, kamar tsagar fuska, wurin da narkakken ƙarfe ya shiga. Tabon nan tsohon salo ne, manyan masana'antu sun yi ta barinsa tun ƙarshen ƙarni na 19. Yana nuna tsufa, amma ba ya yanke shekara.

Daga nan a duba kafaɗar tukunya da murfinta. Lambar da ke wurin, ko 6 ce ko 20, girman tukunya take nufi, ba shekarar ƙira ba, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Suna shi ne ya fi amfani. Garin Falkirk na ƙasar Sukotlan ya shahara da zubin ƙarfe, kusa da shi aka buɗe masana'antar Carron a 1759. Idan kuwa tukunyar mai fenti ce mai santsi, rubuce da Le Creuset, to ba ta wuce 1925 a tsufa ba, domin a shekarar aka kafa kamfanin a Faransa. Sunan kamfani yana faɗin shekarar da tukunya ba za ta girme wa ba, iyakarsa ke nan.

Daga Paraku muka kama hanyar Jugu, tafiyar kimanin kilomita 135 zuwa arewa maso yamma. Jugu tsohon zango ne na fataken goro da ke tasowa daga Kano zuwa Salaga, kuma a rumfunan masu zubin dalma na irin waɗannan garuruwa ake koyon darasi na ƙarshe. Mai zubi yakan danna tsohuwar tukunya a cikin yashi domin ya sami siffarta, sai duk rubutun da ke jikinta ya biyo sabuwar. Saboda haka ana iya ganin sunan Turai a kan tukunyar da aka zuba bara. Ana gane ta da cewa haruffanta sun dushe, ba ta da nauyi, maganaɗisu kuma ba ya kama ta.

Bayan duk wannan, shaidar da ta fi ƙarfi tana bakin tsofaffin gida. Kaka ta san a kayan ɗakin wa tukunya ta shigo, ta san ko kafin Dahome ta sami 'yancin kai ne a 1960 ko bayansa, ko kuwa lokacin da aka sauya sunan ƙasa zuwa Benin a 1975. Idan aka haɗa maganarta da alamun gindi da na murfi, sai a kusanci gaskiya. Muna roƙon iyalai su tambaya tun masu sani suna raye, su rubuta amsar a takarda, su ajiye ta tare da takardun gida. Ranar rabon gado, wannan takarda za ta hana a yi wa tukunya kuɗin kilo. Tsatsa kuwa ba mutuwarta ba ce: a cuɗe ta da yashi, a shafe ta da man gyaɗa, a ɗora a wuta, za ta sake dafa shinkafar jikoki.