Dala da Dërëm: Watannin Farko a Dakar

Ɗalibin da ya tashi daga Nijar zuwa Dakar yakan tafi da abu biyu da yake ganin sun ishe shi guzuri: Faransanci da kuɗin sefa. Da Faransanci ake karatu a Jami'ar Cheikh Anta Diop, wadda aka kafa a 1957, aka sa mata sunan wannan masanin tarihi a 1987, shekara guda bayan rasuwarsa. Sefar da ke aljihun ɗalibi kuwa ita ake kashewa a Senegal, ba ruwansa da ɗan canji. Ni ma da wannan guzurin na bar Damagaram, kuma ya yi mini amfani iyakar harabar jami'a da ofisoshinta.

Da ka fita ƙofa ka tsaya bakin titi, birnin na Wolof ne. Yaron mota da ke rataye a bayan kar rapid, motocin nan masu fentin shuɗi da rawaya, da Wolof yake kiran unguwanni, yana ƙwanƙwasa ƙarfen mota da tsabar kuɗi in wani zai sauka. Mai sayar da burodi tana jin Faransanci sarai, kuma za ta amsa maka da shi, sai dai amsar baƙo za ka samu, gajera, babu ƙari. Haka mai gidan da muka kama ɗaki mu huɗu a Medina: ya karɓi kuɗin wata uku tun kafin mu shimfiɗa tabarma, bai ƙara mana kalma ba. Dakar tsiri ce da teku ta kewaye, fili ya yi kaɗan, haya ta yi tsada, shi ya sa tallafin karatu yakan ƙare kafin wata ya raba. A waɗannan makonni na san kaɗaici irin wanda ban sani ba a gida, ga kuma iskar teku mai laima da ke ratsa ƙashi a watan Janairu, ba irin busasshen hunturunmu ba.

Ƙofar farko da ta buɗe mini ita ce ta lissafi. Mu a Nijar ba ma ƙirga kuɗi da faran ɗaya ɗaya, da dala muke ƙirgawa, dala kuwa faran biyar ce: dala ashirin ita ce 100, dala ɗari ita ce 500. Ashe haka Wolof ma suke yi. Tasu dalar sunanta dërëm, daga dirhamin Larabawa. In mai tebur ta ce téeméer, wato ɗari, 500 take nufi. Ɗaliban da suka zo daga ƙasashen da ba a wannan ƙirga sai su tsaya suna ninkawa sau biyar a zuci, ni kuwa sai in miƙa kuɗin tun ba ta rufe baki ba. Wuri guda kawai hanya ta rabu, kuma ya kamata sabon zuwa ya riƙe shi: jikkarmu 1000 ce, amma junni nasu, dërëm dubu, 5000 ne.

Daga nan sai gaisuwa. Bahaushe ba ya gajiya da tambayar gida da aiki da gajiya, su ma haka. Amma suna da abin da ba mu da shi: sukan tambayi sant ɗinka, sunan zuriya, sannan su yi ta nanata shi cikin gaisuwa don girmamawa. Mu kuwa sunan mahaifi muke jingina wa namu. Da na faɗa wa wata dattijuwa maƙwabciyarmu haka, sai ta ce mutum ba ya zama a Dakar ba sant, ta raɗa mini Ndiaye. Daga ranar duk wani Diop na unguwar ya sami abokin tsokana: ni ne acici, ni ne bawansa, shinkafar gidansu ba ta tsira daga hannuna ba. Ban buƙaci a yi mini bayani ba, don na tashi ina ganin yadda Barebari da Fulani suke yi wa juna. Na rama, aka yi dariya, washegari aka kira ni cin ceebu jën, shinkafa da kifi a faranti ɗaya, bayan haka aka ɗora ataya zagaye uku, kamar dai shayin fadar unguwarmu.

Akwai ƴan ƙasarmu da suka shekara biyar a birnin nan ba su wuce jërëjëf ba, wato na gode. Ba na ganin laifinsu ƙwarai. Karatu yana da nauyi, ɗakin ƴan'uwa kuma yana da daɗi, a dafa dambu, a yi hira da Hausa da Zabarmanci har dare ya raba. Sai dai su ne kullum ke cewa mutanen Dakar ba su da sakin fuska, kuma su ne ke sayen kifi da tsada a Soumbédioune, inda ƴan kalmomi goma na Wolof kan sa mai kifi ta ƙara maka gyara.